Malam In-ji-wa da Ciwon Bayan Teloli

"Dukansu?" in ji Malam Wasiu. "Tela arba'in, babu ko ɗaya da ya ce miki bayansa na nan yadda yake?"

"Babu, Malam. Abin da suka faɗa shi na rubuta."

"Kuma babu wanda ya ce ciwon ƙaruwa ya yi."

"Babu."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake dubanta. Ni ina tsaye a bakin ƙofa riƙe da rigarsa da na gama ɗinkawa, ko sallamata ba wanda ya ji. Yarinyar, Amarachi, tana zaune a benci na gaba, jakarta a kan cinya, ta riƙe ta da hannu biyu.

Ɗakin Malam yana saman benen da shagunanmu na ɗinki suke a Fagge, ba nisa da Kantin Kwari. Benci ne kaɗan, da farin allo, da fanka mai ƙara. Da yamma ɗaliban jami'a suke zuwa yana koya musu lissafin ƙididdiga, kwas ɗin da suke kira sitat, wanda suka ce shi ke fara kayar da mutum a makaranta. Ni ban wuce sakandare ba, amma idan aka ɗauke wuta nakan hau in zauna a baya in saurara, shi kuwa bai taɓa korata ba. A nan na ji cewa idan ka auna tsawon mutanen aji, ba matsakaicin kaɗai za ka faɗa ba, sai ka faɗi yadda suka warwatsu, wane ya zarce, wane ya gaza. A nan kuma na ji cewa kafin ka yarda da kowace lamba sai ka san mutum nawa aka tambaya, a ina aka same su, da wane baki aka yi tambayar.

Sunansa na yanka Abdulwasiu, amma a layinmu In-ji-wa ake ce masa. Ka ce masa ruwan bana ya fi na bara, zai ce in ji wa, wa ya auna. Ka ce masa rediyo ta ce yawancin mutane sun fi son kaza, zai tambaye ka ko an zo gidanku. Ranar da ya fara kawo mini ɗinki sai da ya karɓi tef ɗina ya shimfiɗa a kan rular ƙarfe da ya zo da ita a aljihu. Ya ce tef ɗin ya ɗan miƙe, in sayi sabo. Na saya, ya sake gwadawa, sannan ya ɗaga hannu na auna shi.

Kakansa daga Ilori ya zo a jirgin ƙasa, ya sauka a tashar Kano, bai koma ba. Mahaifinsa atamfa yake sayarwa a Sabon Gari. Shi a Rijiyar Lemo aka haife shi, can yake har yanzu da iyalinsa, kuma ba ka jin Yarabanci a bakinsa sai idan yana waya da innarsa. Ya taɓa ba ni labarin inda rashin yardarsa ta samo asali. Da ya gama karatu, kafin ya samu koyarwa, an ɗauke su aikin wucin gadi na bin gidaje ana yi wa mutane tambayoyi, aka tura shi da wasu samari unguwannin bayan tasha. Da rana ta yi zafi sai abokan aikin suka samu gindin darbejiya suka zauna, suna cike takardu da ka, suna raba wa gidajen da ba su shiga ba 'ya'ya da awaki suna dariya. Shi ya bi nasa gidajen har yamma. Takardunsa suka dawo da gurabe da goge-goge, wani ya ƙi amsawa, wata ta ce sai maigida ya dawo. Mai kula da su ya yaba wa masu tsabta, shi kuma ya yi masa faɗa. Tun daga nan, in ji shi, idan ya ga lambobi sun jeru tsaf kamar an yi musu guga, ƙanshin darbejiya yake ji. Duk ɗalibin da ya bi ta ɗakinsa ya san abin da zaman darbejiya yake nufi.

Amarachi ma ta sani, don ta yi shekara tana zama a bencin nan. 'Yar Sabon Gari ce, a can aka haife ta, tana shekarar ƙarshe a sashen lafiyar al'umma. Furojet ɗinta, wato binciken gama karatu, a kan ciwon bayan teloli ne. Ta zo layinmu ta koya mana wani motsi, mutum ya miƙe daga kan keke ya riƙe ƙugu ya ɗan lanƙwasa baya, ta ce mu riƙa yi. Bayan wani lokaci ta dawo ta tambaye mu ɗaya bayan ɗaya. Takardarta da Turanci take, gida uku na zaɓar amsa gare ta: ciwo ya ƙaru, yana nan, ya ragu. Duka arba'in ɗin gidan ƙarshe suka faɗa. Malaminta mai duba aikin, Dakta Ikrima, ya ce bai yarda cewa ta ko fita daga ɗakinta ba, a zaune ta cike takardun, kuma idan ba ta kawo bayani kafin Litinin ba zai miƙa maganar ga kwamiti. Kwamitin nan kora yake yi, ko da saura wata ɗaya mutum ya gama. Ta san Dakta da Malam tare suka yi karatu, ta san Dakta yana jin maganarsa. Abin da ya kawo ta ke nan.

Malam ya ce ba ya sa bakinsa a abin da idonsa bai gani ba. Ta tuna masa cewa a ɗakin nan ya koya musu kada su sa wa wanda suke tambaya magana a baki, abin da ya faɗa shi za a rubuta. Ya ce haka ne, a ɗakin nan kuma ya koya musu cewa ko maganin da ya fi kowane kyau a duniya ba ya yi wa mutum arba'in aiki iri ɗaya. Ya ce ta dawo gobe bayan azahar. Ta tashi ta rusuna ta fita, ta wuce ni ba ta ko ɗago ba.

Sai a lokacin ya lura da ni.

"Abdulhafiz, ta zo shagonka?"

Na ce ta zo, zuwan farko da na biyu.

"Me ka ce mata?"

"Na ce da sauƙi."

Ya tambaye ni ko na yi motsin da ta koya mana. Na ce na yi kwana biyu, da aiki ya yi yawa na manta. Ya kalle ni, sannan ya ce ba ni ne nake yi wa yayanta Ebuka ɗinki ba? Na ce ni ne. Ya gyaɗa kai a hankali kamar wanda ya tsinci abin da ya daɗe yana nema. Ban ji haushi ba. Mutumin da ya gwada tef ɗinka da rula ba zai bar maganarka ba gwaji ba.

Washegari Asabar, tun da hantsi ya sauko layi. Ban taɓa ganinsa yana bin shaguna haka ba, don ƙafarsa ta dama tana ba shi wahala tun da ya faɗi a babur shekarun baya, saukowa ɗaya yake yi a rana. Ya ce in raka shi, don wasu ba su san shi sosai ba. Da zargi iri-iri ya fito. Ko ta raba lemo ne. Ko shugaban teloli ne ya gaya wa kowa abin da zai faɗa. Ko samari kaɗai ta tambaya ta bar dattawa. Ko mutum ɗaya ne ya amsa wa shago guda. Ya bi su ɗaya-ɗaya, ba ya tambaya kai tsaye, sai ya zagayo ta nesa, ya fara da kuɗin zare ya ƙare da wa ya ga yarinyar, ranar me, tana sanye da me.

Kowa ya gan ta. Babu lemo, babu taro. Wani ya ce ai Amaryarmu ce, domin Amarya 'yan layin suka mayar da sunanta. Wani ya ce Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yan cikin gari, tana rusunawa, tana gaida mutum yadda ya kamata kafin ta ce komai. Wani ya ce wa Malam ko shi ma takarda ya zo da ita, a ba shi kujera. Na zaci wannan zai kwantar masa da hankali, ashe ƙara tayar masa ya yi. Ya ja ni gefe ya ce ka ji ko, suna sonta, wanda kuwa ake so ana gaya masa abin da yake son ji, in ma ba haɗa baki aka yi ba.

Shago na ƙarshe na Baba Hambali ne, wanda ya fi kowa daɗewa a layin. Iyayensa daga Barno suka zo, shi ya koya wa rabin telolin nan yanka. Yanzu ba ya iya miƙewa sosai. Matashi biyu yake sawa a bayansa, kuma a masallacin layi akwai farar kujerar roba da kowa ya san tasa ce. Malam ya yi sallama ya gaishe shi, ya tambayi aiki da iyali, ya ce, "Baba, yaya bayan?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Almakashinsa ya zame ya faɗi kusa da ƙafarsa. Ya miƙa hannu, ya tsaya a rabi, ya runtse ido. Na ɗauko na ba shi. Malam yana kallon duk wannan. Ya tambaye shi ko yarinyar ta zo, ya ce ta zo, Allah ya yi mata albarka. Ya tambaye shi me ya gaya mata game da bayansa.

"Abin da na gaya maka yanzu mana."

Da muka fito Malam ya ce ka gani, tsohon ma zille mini yake yi, bai gaya mini komai ba, gaisawa kawai muka yi. Ya ce mutum ba ya iya ɗaukar almakashi a ƙasa, takarda kuma ta ce ciwonsa ya ragu. Ko ita ta yi ƙarya, ko shi ya yi mata. Ko wanne ne, shi ba zai je gaban Ikrima ya rantse a kan wannan ba. Ya faɗi haka ba da zafi ba. Na ga ma kamar abin ya dame shi, don ya taɓa gaya mini cewa a 'yan ajinsu ita ce take tsayawa ta tambayi dalili. Na san wani abu bai zauna daidai ba a maganar, amma ban san inda zan kama ba.

Muka yi azahar, muka nufi bene. Yawon safiyar ya gama da ƙafarsa. Yana dafa bango yana jan ta mataki-mataki, ni ina bayansa. A tsakiyar benen ya tsaya yana numfashi, ya cije leɓe, gumi na bin gefen tabaransa. Amarachi tana sama a bakin ƙofarsa tana jira. Da ta gan shi haka sai ta sauko da sauri ta karɓi jakarsa.

"Sannu, Malam. Yaya ƙafar?"

"Da sauƙi," in ji shi, haƙoransa a haɗe.

Ya ɗaga ƙafa zai taka na gaba, sai ya fasa. Ya daɗe a haka. Sannan ya juya a hankali ya zauna a kan matakin, da farar rigarsa, a ƙurar da kowa ke takawa.

"Sake tambayata."

Ta dube ni, na dube ta. Ta sake faɗa, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Haka kika tambaye su?"

"Haka, Malam. Sannu Baba, yaya bayan. Ai ba zan faɗa wa babba da tambaya kamar 'yar sanda ba."

"Suka ce da sauƙi."

"Eh."

"Kika sa a gidan ya ragu."

Ta ce to a ina za ta sa. Ta ce ba wai ba ta san ana faɗin haka ba ne, ita ma idan zazzaɓi ya kwantar da ita maƙwabta suka leƙo haka take ce musu. Tun a mutum na goma ta fara shakka. Amma gida uku ne a takardar, kuma a cikin ukun wanda ya yi kama da sauƙi ɗaya ne. Idan ta ga mutum yana yamutsa fuska ta sa masa ciwo ya ƙaru alhali bakinsa bai faɗa ba, to ita ta amsa ke nan, ba shi ba, kuma wannan ai shi ne zaman darbejiya. Don haka ta rubuta abin da ta ji, tana fatan ko gaskiya ne.

Malam ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci. Ya ce shekara nawa ana tambayarsa ƙafar nan, safe da yamma, bai taɓa ba da wata amsa ba, ƙafar kuwa kullum baya take yi. Ya ce ya tuhumi rediyo, ya tuhumi mudun 'yan hatsi, ya tuhumi tef ɗin Abdulhafiz, bai taɓa ce wa kalmar nan in ji wa ba. Ya ce mata ta tuna darasin ma'auni: wani ma'aunin kullum amsa ɗaya zai ba ka, ka ga kamar abin dogaro ne, alhali ba abin da kake nema yake aunawa ba.

"Ba ciwon baya kika auna ba, 'yata. Tarbiyyar telolin Fagge kika auna, kuma sun ci ɗari bisa ɗari. Da Hausarki gurguwa ce da sun gane tambaya kike yi. Da kika yi ta da kyau sai suka ɗauka dubiya kika zo."

Ta rufe baki da hannu, ban san dariya ce ko kuka ba. Na zaci magana ta ƙare ke nan. Amma Malam ya ce a'a, wannan zato ne kawai, zato mai daɗin ji kuma shi ya fi tsoro. Sai an gwada. Ya miƙa mini hannu na tayar da shi, muka sake sauka, shi da bai taɓa sauka sau biyu a rana ba.

A hanya ya ce mata shi ba zai gaya mata abin da za ta tambaya ba, aikinta ne. Muka isa shagon Baba Hambali. Ta rusuna ta gaishe shi cikakkiyar gaisuwa, har da yaya bayan, ya ce da sauƙi, ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Ta bari gaisuwar ta huce. Sannan ta ce ya yi mata haƙuri, akwai abin da take so ta sani saboda karatunta.

"Baba, yaushe rabonka da ka yi salla a tsaye?"

Baba Hambali ya ɗauke ƙafa daga kan keke. Ya dube ta, ya dubi Malam, ya ce tun kafin azumin bara. Ta tambaye shi ko har yanzu yana yanka a ƙasa. Ya ce ya daina, sai a tebur, shi ma sai yaran sun shimfiɗa masa yadi. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba, shi ya ci gaba. Ya ce idan ya kwanta sai ya sa matashi tsakanin gwiwoyi. Ya ce motsin nan nata yana yi, da safe ciwon yakan ɗan sake shi, amma kafin la'asar ya dawo, wani lokaci har cikin cinya. Ya ce bai faɗa wa 'ya'yansa ba don kada su ce ya bar shago. Ita tana ta rubutu.

Muka shiga shago na gaba. Wani saurayi ya ce shi kam da gaske ya ji daɗin motsin, a da sai ya sha magani kafin ya yi barci, yanzu ya kwana biyu bai saya ba. Na kusa da shi ya ce shi bai taɓa yi ba ko sau ɗaya, kunya yake ji ya tsaya yana lanƙwasa a gaban masu kawo ɗinki. Mutum uku, amsa uku. Na ga fuskar Malam ta saki.

"Yawwa," in ji shi. "Ga datti ya fara fitowa."

A bakin titi ya tsaya ya gaya mata gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Sakamakon farko ya mutu, kada ta yi masa kuka. Sai ta sake tsara tambayoyin, abin da mutum yake iya yi da abin da ya daina, ta gwada su a kan mutum kaɗan tukuna, sannan ta sake bin arba'in ɗin. Mai yiwuwa ta makara, mai yiwuwa 'yan ajinsu su riga ta fita. Amma maganar kwamiti daban, wannan shi zai je ya yi ta da bakinsa, don yanzu ya gani. Ya kuma gargaɗe ta kada ta tambayi mutum a gaban maƙwabcinsa, kuma ta yi hattara, don da zarar labari ya zaga cewa Amarya tana rubuta ciwo, wasu za su ɗauka magani za a raba, kowa bayansa zai karye. Ya dube ni ya ce har da kai. Na ce ni ai da sauƙi. Ya ce ya sani.

Amarachi ta tambaye shi idan Dakta bai yarda ba fa, tunda shi takarda kawai ya gani, takardar kuma da Turanci take.

"Yana da gyambon ciki tun muna ɗalibai," in ji Malam. "Zan fara da gaishe shi."

Ya karɓi jakarsa daga hannunta, ya ce mini idan ɗaliban yamma sun zo in buɗe musu ɗaki su fara aikin da ke kan allo, kada in bari su kwafi na juna. Na ce in tsayar masa da adaidaita a nan mana. Ya ce na nan tsada suke yi, ya gwada. Ya kama hanyar Bata, inda zai hau na araha zuwa wurin Dakta, yana jan ƙafar dama, yana ratsa masu dakon atamfa, jakar a ƙarƙashin hammata.